SHIRYA JIF DON HANYAR GIDA: ABIN DA YA WAJABA DA ABIN DA YAKE ADO

(Jawabin da ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya, tsohon hedimasta mai ritaya, ya gabatar a babban taron shekara-shekara)



 Godiya ta tabbata ga Allah da ya sake tara mu a wannan fili, ya kuma jiƙan waɗanda muka zauna da su bara, bana babu su.

GABATARWA

Lokacin da kwamitin shirya taro ya aiko mini da takardar gayyata, na tabbata sun zaci zan yi magana a kan ilimi, domin da shi aka san ni, kuma da yawa daga cikinku sun zauna a gabana da allo da fensir. To amma bana na roƙi a yi mini uzuri, zan yi magana a kan mota. Ni ba bakanike ba ne. Abin da nake da shi shi ne shekaru masu yawa na bin wannan hanya tamu a kan keke da babur, rani da damina, da zama da tsofaffin direbobi, da karanta littattafan da kamfanoni ke haɗowa da motocinsu, waɗanda ku masu motocin kuke bari a akwatin gaban mota ba ku taɓa buɗewa ba.

Dalilin zaɓen wannan maudu'i wani abu ne da ya faru a gabana, wanda har yau bai bar zuciyata ba. A wata damina da ta gabata, cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, Allah ya yi wa wani dattijo a garin nan rasuwa da asuba. Aka buga wa babban ɗansa waya a Kano, ya roƙi a jira shi zuwa azahar, aka amince. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya iso kwanar da ake sauka daga kwalta, wato saura kilomita 14 kacal tsakaninsa da gawar mahaifinsa. Yana cikin wata jif mai sheƙi, mai manyan ƙarafan taya da siririyar roba. Da ya iso fadama sai mota ta kafe. Ya yi ta taka totur, ita kuwa tana ƙara haƙa wa kanta rami, har cikinta ya zauna a kan laka. Ba shebur, ba igiya, ba ko guntun katako. A nan ne ma ya fara sanin cewa motar da ya yi shekara biyu yana hawa da ƙafafun gaba kawai take ja. Da aka samo shanun huɗa, aka ɗaura igiya a bamba, bambar ce ta fara fita. Bai shigo gari ba sai bayan la'asar, jama'a sun dawo daga maƙabarta. Na ga wannan bawan Allah zaune a ƙofar gidansu, laka har gwiwa, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Tun daga ranar na ƙudurta zan faɗi wannan magana idan na sami dandali. Taƙaitacciya ce: jif ɗin da kamfani ya ƙera, yadda ta zo, ta isa ta kawo ku gida a mafi yawan kwanakin shekara, muddin kun san irinta, kun sa mata tayar kirki, kun ɗauki kayan ceto, kun kuma san inda ya kamata ku tsaya. Sauran abubuwan da ake kashe wa kuɗi yawancinsu ado ne.

NA FARKO: KA SAN MOTARKA

Kalmar jif ta samo asali ne daga ƙaramar motar sojan Amurka ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayanta aka fito da Land Rover a Ingila a 1948, Japan kuma ta soma ƙera motar da ta zama Land Cruiser a 1951. Dukkansu don daji aka yi su. A yau kuwa duk motar da ta ɗan ɗaga sama muna kiranta jif, alhali kashi uku ne.

Kashi na farko su ne masu ja da ƙafa huɗu, masu kuma ƙaramar giyar ƙarfi, wadda kanikawa ke kira ogzilari. Irinsu Land Cruiser, Prado, Pajero da Hilux mai ƙafa huɗu. Alamarsu ita ce wani ƙaramin hannun giya na biyu, ko maɓalli, mai ɗauke da rubutun 4H da 4L. Idan aka sa 4L, ƙarfin da ke isa ƙafafu yakan ninka sau biyu ko fiye, gudu kuma ya ragu daidai da haka, sai mota ta riƙa tafiya sannu a hankali kamar tarakta. Kashi na biyu su ne irinsu RAV4, CR-V da Highlander masu alamar AWD. Su ma suna iya ja da ƙafa huɗu, amma ba su da giyar ƙarfi, kuma an gina su ne a kan tsarin ƙaramar mota. Hanyar burji da ɗan yashi ba za su gagare su ba, laka mai zurfi kuwa ba sa'arsu ba ce. Kashi na uku su ne masu siffar jif amma da ƙafa biyu kawai suke ja. Da yawa daga cikin motocin hannu da ake shigowa da su daga Amurka haka suke, har da wasu 4Runner da Pathfinder. Kada sunan mota ya ruɗe ka. Ka sa bakanike ya leƙa ƙarƙashinta ya gaya maka gaskiya.

Wanda yake da ta kashin farko ma akwai abin da zai kiyaye. Mota irin Hilux, wadda direba ne ke sa mata ƙafa huɗu da kansa, ba a barinta a 4H a kan busasshiyar kwalta, domin a kwana ƙafafun gaba da na baya ba tafiya ɗaya suke yi ba, idan babu santsin da zai ba su sarari sai ƙarafan su ɗaure, su ci juna. Ana sa ƙafa huɗu ne da zarar an sauka daga kwalta, tun kafin a shiga wahala, a cire idan an hau. Haka kuma giyar da aka yi shekara ba a taɓa ba takan ƙi shiga ranar da ake neman ta. Saboda haka ka riƙa gwada ta lokaci-lokaci a wani fili mai ƙasa, ka koya wa direbanka da babban ɗanka. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

NA BIYU: TAYA

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne tak, to ka sa shi a taya. Duk ƙarfin injin da kake alfahari da shi, ta wurare huɗu yake taɓa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu da kaɗan ba. Tayoyin jif iri uku ne, kuma a rubuce suke a jikinsu. Mai alamar HT ta kwalta ce, zanenta ƙanana, laka na cika shi nan da nan ta koma sumul kamar ƙwarya. Mai alamar MT ta laka ce zalla, mai manyan haƙora, amma tana da ƙara a kwalta, tana ƙara shan mai, kuma ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta sosai. Mai alamar AT ita ce tsaka-tsaki, kuma ita nake ba ku shawara, domin tafiyarku kusan duka a kwalta take, ƙarshenta ne kawai ke cikin daji.

Ku tsaya a kan girman tayar da kamfani ya rubuta, wanda za ku gani a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Misali, idan ka ga 265/65R17, ma'anarsa faɗin tayar milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin, ƙarfen da take kai kuma inci 17. Wannan tsayin gefe shi ne katifar mota a hanyar gargada. Matasanmu da ke cire ƙarfe mai inci 17 su sa mai inci 20 ko 22 don kyau, katifar suke yarwa, dutse ɗaya ya isa ya tsaga tayar ya lanƙwasa ƙarfen.

Ku kuma duba shekarun taya. A gefenta, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta tsufanta. Tayar hannu da ta ƙare aikinta a Turai, aka shafe ta da baƙin mai tana ƙyalli a kasuwa, araha ce wadda ba ta ado. Sannan tayar ko-ta-kwana ta zama cikakkiya, girmanta ɗaya da sauran, da iska a cikinta. Wadda aka rataye a ƙarƙashin mota, a riƙa sauko da ita ana shafa wa sarƙarta giris, don kada tsatsa ta riƙe ta a ranar buƙata.

NA UKU: ISKA

Wannan ita ce dabarar da ba ta cin ko kwabo, amma ita aka fi jahilta. A kwalta yawancin jif suna son iska tsakanin fam 30 zuwa 35, bisa awon da masu faci ke amfani da shi. A cikin yashi kuwa, irin wanda ke jiranmu da rani daga bayan makarantar firamare zuwa tsohuwar rijiya, taya mai tauri nutsewa take yi. Idan ka rage iska zuwa fam 18 ko 20, sai tafin tayar ya ƙara tsawo a ƙasa, nauyin mota ya bazu, ta hau kan yashi maimakon ta huda shi. Dubi ƙafar raƙumi da ta jaki, ka ga wanne ne ya fi jin daɗin rairayi. A hanyar burji mai gargada ma rage kamar fam 5 yana sassauta jijjiga.

Amma da sharuɗɗa. Kada a sauka ƙasa da fam 15, don kada tayar ta saɓule daga ƙarfenta. Kada a yi gudu, kada a murɗa sitiyari da ƙarfi. Kuma wajibi ne a mayar da iska kafin a kama gudu a kwalta, domin taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka har ta fashe. Wannan ya sa abubuwa biyu suka zama dole a cikin mota: gejin auna iska, da ƙaramin famfon da ke aiki da batirin mota. A haɗa da kayan facin tubles, domin ƙayar aduwa da ta bagaruwa da tushiyar karan da aka sare ba sa tambayar sunan kamfanin taya. Wannan facin na tafin taya ne kawai. Idan gefe ya tsage, sai dai canji.

NA HUƊU: KAYAN CETO

Duk wanda ke bin hanyar daji, wata rana zai kafe. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a same ka hannu rabbana. Ga abin da ya kamata ya zauna a bayan mota daga Yuni zuwa Oktoba: shebur mai dogon hannu, adda, jak mai lafiya da sifanar taya daidai da notinka, faffaɗan katako mai kauri da za a ɗora jak a kai don kada ya nutse, guntayen katako biyu, kowanne kamar mita ɗaya, na sa wa a ƙarƙashin taya, igiyar ja, tocila, wayar haɗa batir, fiyus da fambel na canji, tukunyar kashe gobara, akwatin taimakon gaggawa, da ruwa, na sha da na lagireto.

Idan mota ta kafe, abu na farko shi ne ka ɗaga ƙafarka daga totur. Kowane juyi da taya ta yi a wuri ɗaya ƙara zurfi ne. Ka gwada komawa baya a kan sawunka, a hankali. Idan ta ƙi, ka fito, ka rage iska, ka haƙe gaba da bayan kowace taya, ka kwashe abin da ya tokare cikin motar, ka shimfiɗa katako, ka sauke mutane da kaya, sannan ka tayar da 4L ba tare da hargagin inji ba. Sau da yawa rabin sa'a na shebur ya fi taron mutum ashirin masu turi.

Batun ja kuwa, ina roƙon ku saurare ni da kyau, domin a nan rai ke salwanta. Igiyar ja ta zama ta nailan mai faɗi, wadda aka rubuta ƙarfinta a jiki, kuma ƙarfin ya ninka nauyin motar da lodinta sau biyu zuwa uku. Jif mai tan biyu da rabi zuwa uku tana son igiya mai kimanin tan 8. A guji mai ƙugiyar ƙarfe a baki. Ba a ɗaura igiya a bamba, ko a ƙarfen sitiyari, ko a dunƙulen ƙarfen nan na jan tirela da ke bayan wasu motoci, domin idan ya karye fita yake yi kamar harsashi, kuma ya kashe mutane a ƙasashe da dama. Haka ƙananan zobban da ke ƙarƙashin mota, wasunsu don ɗaure ta a cikin jirgin ruwa kawai aka yi su. Ka nemi wurin ja na ainihi, wanda ke manne da shasi, littafin motar zai nuna maka shi. A jefa bargo ko buhu a tsakiyar igiya don ya danne ta idan ta tsinke, a kori yara da 'yan kallo nesa, fiye da tsawon igiyar, mutum ɗaya kuma ya riƙa ba da umurni.

NA BIYAR: ABIN DA BA KA BUƘATA

Na lura idan ɗanmu ya sayi jif, abin da yake fara yi shi ne ya garƙama mata ƙaton ƙarfe a gaba, ya jera fitilu a rufi, ya ɗaga ta sama. Ƙarfen gaban nan yana ƙara nauyi a kan shokazoba, yana iya rikita na'urar da ke fito da jakar iska lokacin haɗari, kuma idan ya bugi yaro ko ɗan acaɓa yana iya kashe shi. Ɗaga mota kuma ba ya ɗaga kumburin da ke tsakiyar aksul, wanda shi ne ke fara taɓa ƙasa, illa dai ya sa motar ta fi saurin kifewa a kwana. Injin ja da ake ɗaurawa a gaba da dogon bututun shaƙar iska kayan masu ratsa sahara da dazuzzuka ne, ba na mai zuwa gaida mahaifiya ba.

Jif ta ainihi tana da tazarar kimanin santimita 20 zuwa 22 tsakanin cikinta da ƙasa, wannan kuwa ya ishi hanyarmu. Abin da za ka ƙara, idan da hali, shi ne farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, domin wasu motocin roba kawai aka sa musu, kututture ɗaya zai huda tukunyar baƙin mai. Sauran kuɗin ka kai su ga gyara: shokazoba, birki, batir, robobin ƙafa da lagireto. Da rani a riƙa kaɗe matatar iska saboda ƙura. Da kaka a riƙa cire ciyawa da tsabarta daga gaban lagireto da jikin salansa, kuma kada a tsaya a kan busasshiyar ciyawa, domin zafin salansa yana iya tayar da gobara a gonar mutane.

NA SHIDA: LODI

Zuwa gida da tsaraba, komawa birni da hatsi, al'adarmu ce mai kyau, amma mota tana da iyaka. Yawancin jif abin da aka yarda su ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, yana tsakanin kilo 500 zuwa 700. Mu yi lissafin aji huɗu: manya biyar, kowa kilo 70, sun tashi 350. Buhun gero babba 100. Buhun shinkafa 50. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Mun kai 525 ke nan, ba a sa akwatuna da rago ba. Mota mai lodi fiye da kima cikinta yakan sauka, birkinta ya yi sanyi, tayarta ta yi zafi. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa, a matsa da su gaba kusa da bayan kujera, a ɗaure. Rufin mota na katifa da tabarma ne, ba na buhu ba. Kuma kada a ajiye jarkar fetur a inda mutane ke zaune. Na san tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa yana lissafin lita, to rage lodi da gyara iskar taya suna cikin hanyoyin tsimin.

NA BAKWAI: RUWA

Mu mutanen kwarin kogin Haɗeja mun san ruwa. Mun ga ambaliyar 2020 da ta 2022, yadda ta ci gonaki da gidaje, ta yanke hanyoyi a sassa da dama na Jigawa. Mun kuma san cewa ruwan da ke iso mu daga can sama yake tasowa, daga yankin madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992, saboda haka mashigi yana iya cika ko da ba a yi ɗigo ɗaya a garinmu ba. Ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa kuma tana karkatar da shi inda ba a saba ba. Mashigin da ka ƙetare da safe ba lallai ne shi za ka tarar da yamma ba.

Masana harkar ambaliya sun yi gargaɗi cewa ruwa mai gudu, idan ya kai santimita 30, yana iya tafiya da ƙaramar mota, idan ya kai 60 kuwa har jif yana ɗauka. Ko manyan irinsu Prado, iyakar da kamfani ya ba su ba ta wuce santimita 70 ba, shi ma a ruwa mai kwanciya da ƙasa mai tauri. Idan ruwa ya shiga ta hancin inji, ba ya matsuwa kamar iska, sai ƙarafan ciki su lanƙwashe nan take, an tashi daga batun gyara an koma batun sabon inji. Ƙa'idar da zan ba ku mai sauƙi ce: a fara shiga da ƙafa da sanda a hannu. Idan ruwan ya kai gwiwa, ko yana jan ƙafar mutum, a haƙura. Idan bai kai ba, a sauke gilasai, a sa 4L, a shiga sannu da tafiya ɗaya ba tsayawa. Idan inji ya mutu a tsakiya, kada a sake murɗa makulli, a jawo ta. Bayan an fita a riƙa ɗan taka birki har ya bushe, da an koma birni kuma a duba man aksul, idan ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga, a canza.

Fiye da duk wannan, a tambayi mutanen wuri. Yaron da ke kiwo a bakin mashigi ya fi na'urar da ke cikin motarka sanin zurfinsa. Matambayi ba ya ɓata. Ajiye mota a kwana, a gidan amintacce, a ƙarasa da babur ko amalanke ko kwalekwale, ba ya rage wa kowa daraja. Da ɗalibina ya yi haka, da ya sallaci mahaifinsa.

NA TAKWAS: LADABIN HANYA

Iyayenmu sun ba mu labarin zamanin En'e, lokacin da ake sa shinge a hanyoyin burji bayan an yi ruwa, a tsayar da manyan motoci har ƙasa ta tsane. Hikima ce. Jif ɗaya da ta yi dambe da jiƙaƙƙiyar hanya takan bar ramukan da masu keke da amalanke za su yi wata uku suna fama da su, kai kuwa ka koma birni. Idan babu larura, a jira hanya ta sha iska. Kada a kauce wa taɓo ta cikin shukar talaka, idan kuma ya zama dole, a nemi mai gona a biya shi. A rage gudu a cikin ƙauyuka da wurin garke saboda yara da ƙura. Wanda ya taimake ka da shanunsa, ka sallame shi da mutunci. A guji tafiyar dare, a sanar da na gida lokacin tasowa, a tafi mota biyu idan da hali, a cika cajin waya.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

Mai girma shugaba, ina gabatar da shawarwari uku. Na ɗaya, ƙungiya ta sayi kayan ceto saiti biyu, a ajiye ɗaya a gidan dagacin kwana, ɗaya a nan fadar Hakimi, a koya wa matasa shida yadda ake ja ba tare da an ji wa kowa ciwo ba. Na biyu, a naɗa mutum ɗaya da zai riƙa sanar da halin hanya da mashigi kowace safiya a zaurenmu na WhatsApp har damina ta wuce. Na uku, wanda shi ne babba, kada mu manta cewa jif ba hanya ba ce. Mai naƙuda da ake fita da ita da tsakar dare ba ta da Prado, amalanke ce motarta. Idan kowane mai jif a cikinmu ya ba asusun kwalbati kuɗin taya ɗaya, na yi imani fadamar nan za ta daina raba ɗa da jana'izar ubansa, kuma za mu sami bakin zuwa gaban hukuma mu ce ga namu, a cika mana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KAMMALAWA

'Ya'yana, ban yi wannan dogon bayani don in tsorata ku ba, na yi ne don in kore muku uzuri. Mun gaji da jin “sai ruwa ya ɗauke”, alhali tsofaffin da ke jiranku ba su da tabbacin ganin kaka. Malamanmu sun karantar da mu cewa dogaro ga Allah ba ya hana ɗaure raƙumi. Ku duba motocinku, ku ɗauki shebur da igiya, ku yi addu'ar hawa, ku zo gida. Zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar ta roba ce.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman afuwa, musamman daga kanikawa da direbobin da ke wurin nan. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya albarkaci wannan ƙungiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.